Hannun Baba Bakoji

Girman kai ne ya sa Baba Bakoji yake kiran ɗori abu mai sauƙi, ko kuwa mantawa ya yi da wuyar da ya sha? Ba wanda ya sani a Randagi. Saliha ma ba ta sani ba, ranar da ta tsaya a bakin ɗakinsa da kwanon kunu, tana kallon hannuwansa a kan tabarma.

Shi kaɗai ne maɗori a ƙauyen, ga shi ciwo ya kwantar da shi. Hanyar Birnin Gwari kuwa ba kullum take biyuwa ba, duk wanda ya karye gidansa ake kawowa. Saliha, matar maƙwabcinsa, ta taɓa zaman koyo a wurinsa wata uku. Kullum sai ya ce ai ja ne kawai a daidaita, ko yaro ya san wannan. Ranar da ta tambaye shi yadda ake gane ƙashi ya zauna, dariya ya yi a gaban mutane, wai wannan ma sai an faɗa? Ta tashi ta ce ita da ɗori har abada. Shekara tara ke nan.

"Shigo, 'yata," in ji shi. "Kin san Nababa mai ɗingishi?"

"Wa bai san shi ba, Baba?"

"Aikina ne. Ɗorina na farko ke nan. Shekara goma sha ɗaya na yi kafin yatsuna su fara ji. Ƙarya na yi miki, abin da wuya."

Ta ajiye kwanon. "Da ka faɗa tun tuni, ai da ban ɗauka ni ce daƙiƙiya ba."

Ya miƙo mata hannunsa, wanda rama ta cinye har ƙasusuwan suka fito sarai, ya ce ta laluba. Ta ce za ta saurara don girmansa, amma ba za ta ɗora kowa ba. Bai yi musu ba. Kwana shida tana bin ƙashin da yatsa, tana yin tambaya ɗaya sau biyar, yana amsawa sau biyar. Ran Alhamis bayan la'asar ya cika.

Ana zaman makoki, rana ta uku, wani saurayi mai suna Japheth ya shigo da mahaifiyarsa Helen a kan babur. Ta faɗi a gona, hannunta ya karye. Sai da ya ga tabarmin gaisuwa ya gane maɗorin ya rasu. Aka ce masa hanyar gari ba ta biyuwa tun jiya. Kowa ya koma kallon ƙofar mamacin.

Saliha ta fito daga cikin mata, ta ce a kawo mata karan dawa da man shanu. Ta durƙusa a gaban Helen.

"Sannu, Mama. Zai yi zafi, kuma zan daɗe."

Saliha ta rufe ido, ta ja hannun a hankali, ta sake ja. Can ƙarƙashin babban yatsanta ta ji ƙashin ya zauna. Ta miƙa hannu a ba ta karan.