Katin da Barikisu Ta Ɓoye

Shekara biyu ke nan da farar yana ta rufe idon Hajiya Barikisu na dama, na hagun ma ya fara bin sahu. A kasuwar Tamale, inda take sayar da man kaɗe, da murya take gane masu ciniki. Wannan bai dame ta sosai ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne ɗanta Wahid, mai tuƙin tasi a Amurka, ya ce bayan babbar salla zai kawo mata 'yarsa Mubarika, jikar da ba ta taɓa gani ba. Tsoronta kada yarinya ta zo ta koma, ita kuwa sai dai ta shafa fuskarta da hannu.

Wahid ya riga ya kafa doka ta waya. "Mma, kada ki bi layi da katin inshorar gwamnati kamar marar gata. Ki jira in zo in kai ki asibitin kuɗi a Accra."

Ta ce to. Amma "to" ɗin Barikisu iri biyu ne: akwai na yarda, akwai na a kashe magana.

Maƙwabciyarta Maltiti, Badagombar da suka shekara arba'in a gida ɗaya a unguwar Sakasaka, ita ta tada ta. "Idon naka ne ko na Wahid? Tashi mu tafi kawai kraa!" Maltiti dai ba ta taɓa bambanta mace da namiji a Hausarta ba, ba ta kuma ga ranar farawa ba. Ta sa ta a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, sai asibitin gwamnati, suka yi safiya biyu a layi kafin a ba su ranar aikin ido. Da aka cire audugar bayan aiki, fuskar da Barikisu ta fara gani ta Maltiti ce.

"Ashe haka kika tsufa?" in ji ta, hawaye na zuba. Suka yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta tsawata musu.

Sai dai Barikisu ta roƙi ƙanenta Nurudeen, tsohon malamin makaranta, da Maltiti, kada wanda ya faɗa wa Wahid, don kada ya ji kamar an ce ya gaza. Ta tura katin ƙarƙashin katifa.

Ranar da Wahid da 'yarsa suka iso, Mubarika ta yi barci a mota, aka wuce da ita ɗaki fuskarta a kafaɗar ubanta. Barikisu ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, tana amsa gaisuwa kamar yadda ta saba lokacin lalura. Ba a gama shan ruwa ba Wahid da kawunsa suka sarƙe a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida, don su biyun ba su taɓa haɗuwa siyasa ta kwana lafiya ba.

"Kawu, ba ka san yadda ake kallonmu a can ba," in ji Wahid. "Fasinja ya ji na ce Ghana, sai ya ce, au, ƙasar da makaranta kyauta, asibiti kyauta, sannan ku zo kuna miƙa mana hannu? Gurguzu ke nan, in ji su, mai koya wa mutane lalaci. Kunya nake ji paa, ba kaɗan ba."

"Kyauta?" Nurudeen ya gyara tabarau. "Harajin da uwarka ke biya a kan kowane gwangwanin tumatir, na aljanu ne? Kuma shi fasinjan naka, ka ba shi taswira ya nuna maka Tamale mu gani."

"To, katin yana aiki? A je a ce magani ya ƙare, a bar tsoho a benci tun asuba har azahar."

"Wannan kam gaskiyarka. Amma in rufi na yoyo, gyara shi ake yi, ba a kwance shi a zauna a ruwa."

Barikisu ta san kowannensu na da tasa gaskiyar. Ta ɗanɗana bencin, ta kuma sayi maganin ɗigawa a ido da kanta. 

La'asar na yi, Maltiti ta fito da shuɗin kwanonta, tuwon zafi da miyar ayoyo, ta ajiye a ƙofar Barikisu ta juya. Haka al'adar gidan take tun kafin a haifi Wahid: wadda ta sauke tukunya sai ta kai kwano kowace ƙofa, ba a tambayar wa ke da shi, wa ya rasa. Godiyarsa ita ce a wanke kwanon a mayar.

Ƙamshin ne ya tashi Mubarika. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza ido, ta ga tsohuwa a tabarma, ta yi mata murmushi. Duk shirin Barikisu ya wargaje.

"Wayyo Allah, wushiryar Malam! Ku dubi wushiryar kakanta!"

 Tsakaninta da yarinyar ya kai taku goma. Nurudeen ya shiga goge tabarau da babu ko ɗigon datti a kansa.

"Mma," in ji Wahid a hankali, "kina gani?"

"Ina gani, ɗana."

"Da katin?"

"Da katin, da kafaɗar Maltiti." Ta jawo jikarta ta ɗora a cinya, tana kallonta kamar za ta haɗiye ta. "Ban raina niyyarka ba, Allah ya yi maka albarka. Tsoro na ji kada in jira Accra in rasa wannan fuskar."

Sai ta nuna shuɗin kwanon. "Ka gane shi? Da ubanka ya rasu kana shekara shida. Shekara biyu cur tukunyata ba ta hau wuta kullum ba, amma kwanon nan bai taɓa fashin zuwa ba. Ban ji ka tambayi sunan tsarin ba kafin ka wanke hannu. Fasinjojinka su kira shi abin da suka ga dama. Ni dai na ci, na kuma gani, na gode Allah, na gode wa duk wanda nasa ya shiga ciki, ko ban san shi ba."

Wahid ya jawo kwanon. Ya wanke hannu, ya ci tuwon tare da 'yarsa har suka suɗe. Da suka gama ya hana kowa taɓa kwanon, ya kai shi bakin famfo ya wanke da kansa, ya nufi ƙofar Maltiti ya durƙusa har ƙasa irin gaisuwar Dagomba, ya daɗe bai tashi ba.

Daga inda take zaune, Barikisu ta hango furfura ta fara fito masa a ƙeya. Ba wanda ya taɓa gaya mata.