Kiɗan Rakiyar Hadasa

Kiɗan ya zo daidai inda yake tsayawa kullum, ya tsaya. Alhaji Manniru yana zaune a falonsa da fayil ɗin ofis a cinya, sai ya ɗaga biro yana jira. Ya san abin da zai biyo baya: tari uku, shiru kaɗan, sannan sarewar ta ɗora daga inda ta yanke. Wata bakwai ke nan yana shan wannan azaba ta bayan bango, kullum daga la'asar zuwa magariba, kiɗa ɗaya tal ba canji. Tarin ya zo. Yau bai tsaya a uku ba, sarewar kuma ba ta dawo ba.

"Hajjo, kin ji shiru?"

"Ba shirun kake nema ba?" matarsa ta amsa daga kicin. "To ga shi Allah ya ba ka."

Ya zura silifas ya fita.

Gidan nasu a unguwar Kado ta Abuja ɗaya ne aka raba biyu, bango guda a tsakani, farfajiya ɗaya da bishiyar mangwaro. Ɗaya ɓangaren na Baba Zacharias ne, tsohon sajan na badujalar 'yan sanda, Ibo haifaffen Kafanchan, kuma Bayahude. Ranar da aka fara gaya wa Manniru haka dariya ya yi, don shi bai taɓa sanin akwai Bayahude baƙar fata ba. Sai ya ga mutum da 'yar hula kamar marfin kwano a tsakar ka, ba ya cin alade, in ya shiga kasuwar kifi ko kallon tarwada ba ya yi, sai mai ɓawo a jiki. Ranar Asabar kuwa ko ashana ba ya ƙyastawa, balle ya tada janareta, kuma ba zai ce ka tada masa ba. Sai dai ya tsaya a gindin mangwaro yana fifita da jarida, ya ce, "Oga Alhaji, yau akwai zafi fa." Shekara tara Manniru yana jan igiyar janaretan nan yana mita.

Ya samu Zacharias a kujera, sarewar nan tasa ta Turawa, baƙa mai maɓallan azurfa, tana kwance a gwiwoyinsa. Tsohon ya dunƙule hankici a hannu, amma Manniru ya riga ya ga jan da ke jiki.

"Oga Alhaji, ka zo faɗa? Sori, na gama na yau."

"Wane faɗa? Sajan, wannan tarin naka ya wuce wasa."

"Tari tana nan, ba ta zuwa ko'ina. Zauna mana."

Manniru ya zauna a gefen kujera, irin zaman wanda ba zai daɗe ba. Zacharias ya shafa sarewar, ya ce kiɗan da yake damunsu da shi na 'yarsa Hadasa ne. Ita ke nan gare shi, uwarta ta daɗe da rasuwa, tana aikin nas a Fatakwal, aurenta saura mako bakwai. Shi ya haɗa kiɗan da kansa, ko ita ba ta taɓa ji ba. Da shi za ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa rumfar aure.

"A wajenmu amarya ba ya tafiya shiru," in ji shi. "Faranta ran amarya umurni ne, kamar yadda aka ce ku yi salla. Malamanmu sun ce ko gawa aka ɗauko, aka haɗu da amarya a hanya, gawa ne zai kauce." Ya numfasa. "Kana da rikoda ɗin nan mai kaset. Ka kawo mu ɗauka. In numfashi ya ƙi ranar, sai a danna kawai."

"Haba Sajan, da bakinka za ka busa. Gobe ina Kaduna, taron bita, kwana uku. Ina dawowa Alhamis za mu ɗauka."

"Alhamis," tsohon ya maimaita. Ya dube shi ya yi murmushi. "To, Alhamis."

Rikodar tana kan kabad a falon Manniru, taku goma tsakani, da sabon kaset ko ledarsa ba a yage ba. Amma magariba ta kusa, fayil yana jira, kuma a shekarun nan da farar hula suka dawo mulki, man fetur ya yi daraja, kowace ma'aikata tana taro a otal, mataimakin darakta kamar Manniru gani yake duniya za ta tsaya in bai sa hannu a takarda ba. Abin da ya hana ke nan, babu wani abu.

Ranar Laraba da azahar wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar taro. Hajjo ce. Da safe ta kai wa tsohon kunu ta same shi a ƙasa, aka kai shi asibiti, bai kai rana tsaka ba.

"Alhaji, Baba Zakari lokaci ya yi," ta ce. Haka take kiransa tun farko, don ta ce sunan nasa ya yi mata tsawo.

Su ma Yahudawa ba sa ajiye gawa. Kafin Manniru ya iso Abuja ranar Alhamis har an rufe shi, a farin likkafani, ba ado.

Ya shiga gaisuwa ya tarar an rufe madubin falo da zane. Hadasa tana zaune a 'yar kujerar tsuguno, wuyan rigarta a yage kaɗan, alamar makokinsu. Sarewar tana cikin akwatinta a kan tebur. Manniru ya yi ta'aziyya, sannan ya kawo shawara irin ta manya, ya ce aure kam ba a fasawa, sai dai a yi shi a hankali, ba kiɗa ba ganga, yadda ake yi in an yi rasuwa.

"A'a, Baba Alhaji," Hadasa ta ce. "In kwana talatin ya wuce za a yi, kuma da kiɗa. Haka dokarmu take, haka Dadi yake so." Ta ɗago jajayen idanunta. "Ranar Lahadi ya ce min a waya kai za ka ɗauki kiɗana a kaset. Yana wajenka?"

Manniru ya dubi akwatin sarewar.

"Ba mu samu mun ɗauka ba," ya ce.

Ta gyaɗa kai. "Ba komai, Baba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Wannan "ba komai" ta bi shi ofis, ta bi shi masallaci, ta hana shi jin daɗin abinci. Ya riƙa lissafa takun nan goma, yana jin haushin kansa irin wanda bai taɓa ji ba.

Hajjo ce ta tare shi wata safiya yana ɗaura agogo.

"Kai fa ka iya kiɗan nan. Ina jin ka in kana wanke mota, kana yinsa da fito tun daga farko har ƙarshe."

"Ni? Fito?" Ya zaro ido. "Ki iya bakinki, Hajjo."

A gidansu a Funtuwa fito kiran shaiɗan ne, marin da mahaifinsa ya taɓa yi masa a kai har yau yana jin zafinsa. Balle yanzu, ga furfura, ga Makka sau biyu, ga yara a ofis suna rusuna masa. Hajjo ta ce to ya kira Thaddeus, mai piyanon da dangin ango suka ɗauka, ya koya masa a ɗaki ba wanda ya gani. Ya ce zai duba. Sau ɗaya ya gwada fiton, shi kaɗai a mota, ya ɗaga gilasai a harabar ma'aikata. Fiton ya yi ta tafiya sumul har ya iso wurin da kiɗan yake tsayawa, sai ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar ba shi ba. Bai kira Thaddeus ba.

Aka yi bikin wata Lahadi da la'asar, a farfajiyar gidan. Maza huɗu suka riƙe sanduna huɗu, an ɗaura musu mayafin ibadar Zacharias, fari mai ratsin shuɗi, ya zama rumfa. Ango Obadiya yana tsaye a ƙarƙashi da dattijon majami'arsu. A sahun gaba an bar kujera ɗaya ba kowa, an ɗora mata akwatin sarewa. Maƙwabta sun cika, wasu na leƙe ta katanga, har da mutum biyu daga ofishin Manniru. Thaddeus yana ta danna piyanonsa, wani kiɗa mai daɗi dai, amma na kowa da kowa.

Hadasa ta fito bakin ƙofa cikin farin lulluɓi, gwaggwanninta biyu suna riƙe da ita. Tana sa ƙafa a dokin ƙofa aka ɗauke wuta, piyano ya mutu.

Manniru ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya ruga wajen janareta. Wa ya san halinsa kamar shi? Ya ja igiya, ya sake ja, ya ja har hularsa ta faɗi. Mako bakwai ba a tada shi ba, ya yi tari sau biyu ya yi gum. Dattijon majami'a ya ce a tafa, aka fara tafi a warwatse, kowa da nasa, har ya mutu don kansa. Gwaggo ɗaya ta ja hannun amarya.

"Anti, bari," in ji Hadasa, muryarta ta fito har gindin mangwaro. "Dadi ya ce kar in taka shiru."

Ta tsaya cak. Lulluɓin yana rawa a fuskarta, kowa ya san kuka take.

Manniru yana durƙushe gaban janareta, hannu duk baƙin mai, kai ba hula. Ya miƙe. Ya tattara leɓɓansa, na farko iska ce kawai ta fito. Ya lashe baki ya sake. Sai ga shi, siriri, yana rawa, kiɗan Zacharias. Kawuna suka juyo. Ya ga mutanen ofishinsa sun saki baki, ya rufe ido don kada ya sake ganinsu.

Hadasa ba ta taɓa jin kiɗan ba, amma ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗaga ƙafa ta taka. A hankali yake hawa, kamar mai lallashin yaro ya yi tafiyar fari, ita kuma tana binsa taku-taku a kan simintin da ubanta yake sharewa kowace safiya. Ta kai rabin hanya, daidai kujerar da ba kowa, sai fiton ya yanke.

Ba da gangan Manniru ya yi ba. Bai san kiɗan ta wata hanya ba, haka ya shiga kansa ta bango. Ya yi shiru, yana ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku. Amarya ta tsaya, farfajiya ta yi tsit. Sannan ya ja numfashi ya ɗora daga inda ya yanke.

Kafin ta isa rumfa Thaddeus ya kama zaren kiɗan yana tafa shi, mata suka ɗauka da murya ba kalmomi, Hajjo ta saki guɗa tana share hawaye da gefen gyale. Aka yi addu'o'insu, ango ya taka kofin gilashi ya fashe, aka ɗaga amarya a kujera ana juyi da ita tana dariya tana kuka.

Da za a tafi da ita, ta ratsa mutane ta zo ta durƙusa gaban Manniru.

"Baba Alhaji, wurin nan da ka yi shiru."

"Haka nake jinsa, 'yata."

"Tarinsa ne, sau uku, ko?" ta ce. "Haka yake min a waya. Sai ya ce layi ne ba kyau."

"Sau uku," in ji Manniru. Ya so ya ce ta yafe masa, amma ta riga shi. Ta riƙe hannunsa mai baƙin man nan da hannu biyu, har ya ɓata mata farin lulluɓi, sannan aka ja ta zuwa mota.

Washegari da la'asar ya dawo daga ofis ya zauna a inda ya saba, fayil a cinya. Hajjo ta ajiye masa shayi ta koma kicin. Rikodar tana kan kabad, kaset ɗin yana cikin ledarsa. Manniru ya juya kujerarsa kaɗan ta fuskanci bangon, ya ɗaga biro, shayin yana hucewa a gefensa.