Tarhon Gidan Alhaji Zailani

A shekarun da soja ke mulki, gidajen da ke da tarho a Kusfa ba su da yawa, kuma na Alhaji Zailani mai atamfa yana cikinsu. Shi Alhaji bai cika taɓa shi ba, yana da wani a kantinsa. Matarsa Hajiya Batulu ce ta mai da shi abokin hira. Da ta sauke tukunyar rana sai ta kira ƙawarta Asabe, wata nas a Wusasa, su bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya suna yi musu tankaɗe da rairaya.

Ana nan sai aka kama Alhaji, wai yana shigo da leshin fasa-ƙwauri. Batulu ta yi kukanta ta share hawaye, aka ba da shi beli. Amma ranar da lauyansu Ja'afaru, ɗan wanta, ya zo ya ce ai 'yan sanda sun daɗe suna sauraron tarhon gidan, har sun naɗi komai a kaset, sai ta zaunar da shi ya yi mata bayani. Ya ce maganar Alhaji a ciki ba ta fi jimla biyu ba, sauran duk muryarta ce, kuma a gaban jama'a za a kunna.

Nan take ta tuna abin da ta faɗa a kan miyar Hajiya Sailuba, uwar matar ɗanta, da abin da ta ce game da salon tafiyarta.

"Ja'afaru, ko Alhaji zai kwana a gidan yari, kaset ɗin nan kada ya yi magana," in ji ta.

"Gwaggo, ai in kaset ya yi shiru Alhaji ma ya tsira."

"To, wannan kuma ribar ƙafa ce."

Ranar shari'a kotu ta cika. Labari ya riga ya zaga, matan Kusfa sun nemi izinin fita sun zo, Sailuba kuwa a bencin gaba ta zauna. Batulu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mai gabatar da ƙara ya sa aka ɗora rikoda a kan tebur, har an kai hannu za a danna, sai Ja'afaru ya miƙe ya nemi a nuna takardar izinin sauraron. Aka karanta. Alƙalin da ya sa hannu, tarhon kanti ya ba da izini a saurara, ba na gida ba. Mai gabatar da ƙara ya ce ai mai su ɗaya ne. Ja'afaru ya ce mai su ɗaya ne, amma masu magana daban ne, kuma ba wanda ya tuhumi matar gida da komai.

Majistare ya yi ta rubutu, Batulu tana ta salati a zuci. Daga ƙarshe ya ce 'yan sanda sun wuce gona da iri, ba zai karɓi kaset ɗin ba. Da yake babu wata shaida mai ƙarfi, aka sallami Alhaji. Matan suka fita suna gunaguni kamar an fasa biki.

A bakin ƙofa wani ɗan sanda mai furfura ya rusuna ya gaishe ta. Ya ce shi ne Saje Inuwa, wanda aka sa aikin sauraron. Batulu ta ɗaure fuska. Ya sosa ƙeya ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ranar da aka janye ni, kina cikin labarin ragon da ya shiga ɗakin amarya. An fitar da shi kuwa?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta waiwaya ta ga Sailuba ta yi nisa.

"Sai da ya cinye rabin labule," ta ce, ta wuce wajen mota.