Busa Uku Don Zamfir

"A hankali za ka riƙa zuba kwal ɗin, ka ji ko, tela? Ba ɗinkin wando ba ne."

Zamfir ne ke magana daga kan gado, numfashi na sarƙe shi. Maƙwabcinsa Anghel, wanda tela ne, ya ajiye farfesun kifin da ya san ba za a sha ba.

"Ni da ko gada ba na son hawa, ka ce in shiga cikin jirgi?"

"To wa zan aika? Duk sun mutu sun bar ni."

Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in da ɗaya Zamfir ya yi yana hura wutar Lastun, tsohon jirgin ruwa mai jan kaya na tashar Brăila. Jirgin nan ya ja alkama a kogin Danube, ya fasa ƙanƙara, ya kwashe mutane shekarar ambaliya. Yanzu shekara biyu ke nan yana ɗaure a gaɓa, ba mai ko kallonsa. A al'adar mutanen kogi kuwa, in za a wuce da gawar ɗayansu, jirginsa kan yi masa busa uku, busar kuma ba ta fita sai da tururi. Zamfir ba mata, ba ɗa. Wannan kaɗai ya roƙa.

Ranar Talata ya cika.

Ranar jana'iza da sassafe mai gadi ya buɗe wa Anghel jirgin. Ya sauka ciki, ya hura wuta yadda aka koya masa. Allah sarki, abu ɗaya marigayin bai faɗa ba, don a ganinsa kowa ya sani: tukunyar tururin jirgi in ta yi sanyi, tun jajibiri ake hura ta.

Da hantsi ya ji ƙararrawar coci. Ya haura sama, ya hango motar gawa da fada, wato limamin cocin, da tsofaffin mata uku. Suka tsaya daidai jirgin suna jira. Ya ja igiyar busa da iya ƙarfinsa. Ɗigon ruwa ne kawai ya sauko masa a hannu. Fada ya dubi agogo, mota ta tashi.

Duk da haka Anghel ya koma ƙasa ya ci gaba da zuba kwal.

Sai dab da faɗuwar rana tururi ya taru. Ya ja sau uku. Ƙarar ta ratsa gari har maƙabartar bayan tudu.

"Wa kuma kake yi wa, baba? An rufe mutum tun da rana," in ji mai gadi.

Anghel ya koma ya zauna a gaban wutar shi kaɗai, hannuwa baƙi ƙirin a kan gwiwa, har ta cinye don kanta.