Aikin da Baba Bai Duba Ba

Auta ta shigo da kofin magani ta tarar Baba yana buga hatimi a wata takarda, maƙwabciyarsu Nas, ma'aikaciyar jinya, tana tsaye a kansa. Da ganinta Nas ta tattara takardun ta cusa a jaka, ta ce za ta wuce aiki. Amma idon Auta ya riga ya ɗauka: zanen fili ne, gefe uku a miƙe, na huɗun a karkace.

Nan take zargi ya ɗarsu a ranta. Baba tsohon ma'aikacin awon filaye ne, kuma abin da ya rage masa a duniya fili ɗaya ne a bakin rafi, wanda ya ce na Auta ne, ita da ta ajiye komai ta zauna jinyarsa. Filin ma gefensa ɗaya a karkace yake.

Ta tambaye shi, ya ce lissafi ne. Wai Nas ta samu gurbi a jami'a za ta karanta haɗa magunguna, ga wani darasi da ake kira kalkulas yana jiranta, ita kuwa shekara sha tara rabonta da lissafi, in ba ƙirga ƙwayoyi ba.

"To, Baba, lissafi ne sai an buga masa hatimi?"

"Shekara talatin ban taɓa duba takarda na sake ta ba sa hannu ba. Yanzu zan fara?"

Auta ba ta yarda ba. Mace da 'ya'ya uku, har da furfura a goshi, ita ce za ta koma aji? In gaskiya ne, ɓoyon na mene ne? Ta fara laɓewa bayan labule, abin da ta jiyo kuwa sai ya ƙara mata zargi. Baba yana cewa a yanka filin siri-siri, a auna kowane yanki, a haɗa. "Ƙara yankawa," yake cewa, yana dariya har da tari. Rabon Auta da jin wannan dariyar an daɗe, hakan ma ya ba ta haushi.

Washegari ta tare Nas a bakin ƙofa ta ce likita ya hana baƙi. Nas ta san ba haka ba ne, ai aikinta ke nan, amma ba ta ja ba. Sai ta koma turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa kowace safiya. Auta tana kwashewa tana ɓoyewa a akwatinta, don ta nuna wa yayyenta in sun zo.

Baba kuwa da yamma sai ya sa a jingina shi da filo, ya nemi tabarau da jan biro.

"Ba ta kawo aikin ba?"

Auta ta ce ba ta kawo ba. Ya ce wataƙila ya tsananta mata ne, dama shi bai iya lallashi ba. Kwana shida yana wannan tambayar. A na bakwai bai nemi tabarau ba, kafin rana ta faɗi ya cika.

Nas ce ta fara shigowa, ita ta rufe masa ido. Bayan masu gaisuwa sun ragu, babban yaya ya buɗe durowar Baba. Takardar filin tana nan da sunan Auta, an sa hannu tun bara. Kunya da nadama suka rufe ta.

Ta ɗauki takardun nan shida ta je. Ta samu Nas a kicin, littafi a buɗe kusa da murhu.

"Anti, me ya sa kike ɓoye su in na shigo?"

"Kunya, Auta. Kuskure ya fi daidai yawa." Ta goge hannu ta karɓa. "Waɗannan fa, ya samu dubawa?"

Auta ta ja baya ta tsaya a bakin ƙofa.

Nas ta juya su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Babu ja ko ɗigo. Ta daɗe tana kallon ta ƙarshen, sannan ta rage wutar murhun, ta turo wa Auta kujera da ƙafa.