Sau Biyu Ana Ɗage Aikin Mai-Inji

Wata huɗu ke nan Mai-Inji yana yawo da robar fitsari, jakar ɗaure a cinyarsa cikin wando. Ƙullutu ne ya toshe masa hanyar fitsari. Likita ya ce aikin bai fi awa ɗaya ba, amma sau biyu ana ɗagewa. Na farko, sai da ya sa rigar tiyata aka gano bai daina shan maganin tsinka jini ba. Na biyu kuwa, mai allurar barci ya tambaya ko ya ci wani abu, babbar 'yarsa ta ce ai da hannunta ta haɗa masa shayi, don kada ya shiga da yunwa.

"Taurin kai ne," in ji likita yana cire safar hannu. "Na faɗa masa, ya ce to."

Sista, shugabar masu jinya, ta same shi a benci, ya zuba wa takalmansa ido. Ta sake yi masa bayani tiryan-tiryan. Duk inda ta tsaya sai ya ce, "To, to."

Zafi ya ishe ta, ta janye takunkumin fuskarta. "Baba, wa ya kawo ka?"

"'Yata ce. Ga ta can, tana fushi da ni."

Karo na farko ke nan da ya ba ta amsa. Ta mayar da takunkumin ta tambayi shekarunsa. Ya ce, "To."

Ta sake janyewa, ta zauna kusa da shi. "Baba, ba ka ji sosai, ko?"

Ya ce, "Shekara talatin ina gaban injin niƙa, 'yar nan. Bakin mutum nake kallo in gane. Ku kuma duk kun rufe naku."

"Me ya hana ka shigo da 'yarka ɗakin likita?"

"Ciwon nan? A gaban 'yar da na haifa?"

Sista ta ji kunya ta kama ta, don ita ma ta sa hannu a takardar da ta ce an yi masa bayani. Ta faɗa masa komai fuska a buɗe, ta ce ya maimaita. Ya maimaita daidai, har da ranar daina magani. Ya yarda a gaya wa 'yar zancen magani da abinci, banda sauran.

Bayan mako uku aka yi aikin. Tun daga nan Sista ba ta sallamar kowa sai ya faɗa mata da bakinsa abin da zai yi, kuma takan kira gidansu ana saura kwana uku a yi aikin. Ana ɗage aiki har yanzu, in wuta ta ɗauke ko gado ya yi ƙaranci, amma na rashin fahimta ya ragu sosai.

Ranar da aka cire masa roba, 'yar ta ce yanzu saura likitan kunne. Ya kalle ta sarai, ya ce bai ji ba.