Tabo na Huɗu a Hannun Gwaggo

Man fuskar da wata masana'anta ta shirya fara zubawa a kwalabe ranar Litinin ba zai fito ba. Wadda ta haɗa shi ce ta dakatar da aikin da kanta, ana saura kwana uku, saboda wani jan tabo da bai kai faɗin murfin kwalba ba a hannun gwaggonta.

Mai haɗin ma'aikaciyar kantin magani ce, shekarunta talatin da huɗu. A gida Sikeli suke ce mata, don ko gishiri ba ta zubawa sai ta auna. Shekara biyu ta yi tana aikin man a wani ɗaki da ke bayan kantin, mai teburi ɗaya da ƙaramin firij da tagar da ba ta rufuwa sosai.

Abu uku ne a cikin man. Akwai ruwan wani ganye mai ɗaci da Gwaggo, yayar mahaifinta, ke shukawa a bayan ɗakinta, wanda ta shafe shekara arba'in tana dafa wa masu ƙuraje. Akwai wani bitamin mai rage duhun tabo. Sai wani sinadari mai tsami da ke ɗauke matacciyar fata. Ganyen shi kaɗai yana kwantar da ƙurji, amma tabon yana nan. Da ta haɗa ukun, tabon ma ya soma dishewa.

Kafin ta kai masana'anta, ta gwada man a jikin mutum ashirin. Kowa ta zana masa gida huɗu da biro a cikin damtsen hagu. Gida na ɗaya ganye zalla, na biyu bitamin, na uku mai tsamin, na huɗu duka a haɗe. Mijinta, malamin makaranta, ya yi mako guda yana ɓoye hannu a aji, ya ce ɗalibai za su zaci satar amsa ya rubuta. Mutum goma sha tara ta duba da idonta, ba ja ba kumburi. Gwaggo ce kaɗai ta ba da rahoto ta waya, ta ce lafiya lau.

Manajan masana'antar ya ba ta rana ɗaya a injinsu, kwalba dubu goma. Ya gaya mata tun farko cewa in ranar ta wuce, layin a cike yake har wata biyar, kuma bai yi alkawarin ko bayan nan ba.

Ranar Juma'a da tsakar rana ta je karɓar busasshen ganye. Ta tarar da Gwaggo cikin riga mai dogon hannu, ga zafi. Da tsohuwar ta miƙa hannu za ta sauko da faranti daga kan rumfa, sai hannun rigar ya zame. Gida uku fes. Na huɗu ya yi ja, da ƙananan ƙuraje a gefe.

Ta tambaye ta tun yaushe. Gwaggo ta ce sauro ne. Sikeli ta ce ita ba ta taɓa ganin sauron da ya iya ƙidaya ba, har ya tsallake uku ya sauka a na huɗu.

"Kwana tara," in ji Gwaggo daga baya. "To me zan ce miki? Kin yi shekara biyu a wannan kurkukun naki, sai ni zan zuba miki ƙasa a ido? Fatar tsohuwa ce, ko ruwa ya taɓa ta sai ta yi ƙorafi."

"Da kin faɗa mini, Gwaggo."

"Ganyena dai bai taɓa cizon kowa ba, sai da kika haɗa shi da baƙi."

A nan Sikeli ba ta yi musu ba. Zatonta mai tsamin yana rage kaurin fata, sai ruwan ganyen ya shiga fiye da inda ya saba tsayawa, musamman a fatar da shekaru suka riga suka sirantar. Zato ne, ta ce, ba ta tabbatar ba.

Mijin nata ya so ta bari a zuba, a rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Ya ce a duk makarantar da ya koyar, sha tara cikin ashirin kyauta ake bayarwa. Ta ce masa shi ne malamin lissafi, ya raba dubu goma gida ashirin. Ya raba, ya samu mutum ɗari biyar da man zai iya yi wa illa, ya tashi ya je ya ɗauko mata wayarta.

Da ta kira ta ce a dakata, manajan bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce an riga an wanke injin, an buga takardun da za a manna. Ta ba shi haƙuri sau ɗaya, ta ce za ta rubuto neman wata ranar, ta rubuta a yammacin nan.

Ranar Asabar ta koma ɗakin bayan kanti, ta yi sabon haɗi iri biyu. A ɗaya ta rage mai tsamin zuwa rabi. A ɗayan ta cire shi gaba ɗaya ta sa shi a kwalbarsa daban, a shafa shi da safe, ganyen da bitamin da yamma. Ta nemi ƙarin mutum goma da suka haura sittin. Gwaggo ta kawo shida daga cikin ƙawayenta, ta kuma miƙa damtsenta na dama tun ba a tambaye ta ba, da sharaɗin a daina yi mata kallon maƙaryaciya. Sikeli ta amince, amma ta ce wannan karon da ƙafarta za ta zo dubawa.

Ranar Laraba za a duba hannuwan. Masana'antar ba ta amsa takardar ba tukuna.